Ɓuntun da Muka Sayo Daga Jega

Litinin, 12 ga Agusta, bayan sallar asuba

Yau wata goma sha tara da kwana shida rabona da Haɗeja. Na baro matata Zakiyya tana goyon 'yarmu Ni'ima. Jiya ta miƙa mata waya ta gaishe ni da bakinta, ta ce min "Malam". Ba ta san ni ba, kuma da gaskiyarta.

Littafin nan na saye shi ne don rubuta ranar juyen mai da canjin bel. Amma wani abu ya tokare min wuya, kuma mutum ɗaya tak nake gaya wa damuwata a ƙasar nan, shi ne kuwa abin ya shafa.

Baba Morayo nake nufi. Sunansa Oladipo, mutumin Ogbomoso, amma shekararsa ashirin da shida a Argungu, in ka ji muryarsa ta bayan katanga sai ka rantse Bakabe ne. Shi ya fara ɗaukata aiki a injin casar shinkafarsa lokacin da na zo da jaka ɗaya. Da bel ya kama min hannu, matarsa Iya Morayo ta yi mako biyar tana yayyanka min nama kamar ɗan yaye. Da Alhaji Maigandi na Birnin Kebbi ya neme ni da albashi mai kauri, Baba da kansa ya ce in tafi, ya sa min albarka. Har yau duk Juma'a Iya tana ba direban haya kula ɗaya ta amala ya kawo min ɗakina a unguwar Nasarawa.

Jiya Baba ya kira ni yana ta dariya. Sabon injinsa ya taso daga Legas.

Ban yi masa ƙarya ba. Wannan nake so in fara rubutawa.

Talata, 13 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Ruwa tun hantsi, inji a kwance. Haka damina take yi mana duk shekara: a turara shanshera, a rasa ranar shanya ta, ma'aikata su koma gona, mu zauna muna sauraron kwano.

Maganin wannan kowa ya san shi, injin busarwa. Shekara biyu ke nan Alhaji da Baba suna kewaya shi ba wanda ya taɓa. Manoman Ambursa ɗaya ne suke sayar musu, dillalan Anacha ɗaya ne suke saye a hannunsu. Duk wanda ya iya casa cikin damina, dillalan nan sun zama nasa. Sai dai a cikin masu inji irin namu ba wanda ya taɓa kafa shi, manyan kamfanoni kuwa ba sa barin kowa ya leƙa nasu. Ba a san ko zai farfasa ƙwayar shinkafarmu ba. Ba a san dizal nawa zai sha ba. Ga raɗe-raɗin za a buɗe wa shinkafar waje hanya farashi ya faɗi. In ka kafa shi kuma ka kafa, sai dai 'yan gwangwan su saya a kilo.

Alhaji kan ce: "Mujtaba, bari Bayarabe shi fara. In abin ya yi kyau mu sawo wanda yaf fi nashi. In ya ɓaci, shi yab biya muna kuɗin makaranta." Baba kuma can yana cewa: "Maigandi na da ƙarfin asara, ni ban da shi. Shi fara." Kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido.

Idon kuwa a wuri ɗaya ake zuba shi. Mai inji zai iya ɓoye maka komai ban da ɓuntun da yake zubarwa a bayan katanga. Girman tarin, yawan aikin. Baba ne ya koya min wannan: in kana son sanin aikin mutum kada ka tambaye shi, zagaya baya ka duba tarinsa. Tarin da ke girma a watan Yuli kuwa abu ɗaya yake nufi, akwai injin busarwa a ciki.

Bayan Babbar Sallah muna zaune da Alhaji, ba aiki, na ce da wasa: "Da tarinmu zai girma cikin ruwan nan, da Baba bai ƙara barci ba." Na yi dariya. Alhaji bai yi ba.

Mako ɗaya tsakani magina suka tayar da doguwar rumfa a cikin katanga, da bututun hayaƙi a sama da kwaɗo a ƙofa. Hodi direban tipa ya fara sayo ɓuntu daga ƙananan injinan Jega yana juyewa a bayanmu da sassafe. Ni kuma aikina in tayar da janareta duk ranar da ake ruwa, a ji ƙara daga titi.

Da wasa na faɗa. Allah ya sani da wasa na faɗa.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Gara in rubuta ranar, tunda ba ta barina.

Tsakiyar Yuli ne. Baba ya tsayar da motarsa a gefen titi daidai bayan injinmu, ya kira ni a waya na fito. Bai sauko ba, ana yayyafi. Ya daɗe yana kallon tarin ta gilashi, janareta na ta ruri a ciki.

Ya ce: "Ƙanena, tsakaninka da Allah. Ya sawo?"

Na ce: "Baba, amanar maigida ce a hannuna. Amma ai ka ga tarin da idonka."

Ya gyaɗa kai. Ya ce: "Na gode. Ba ka hwaɗa mani komi ba." Ya miƙo min ledar goro, ya ja mota.

Na auna maganar nan sau ɗari. Ba kalmar ƙarya ko ɗaya a cikinta. Amanar maigida ce, gaskiya ne. Ya ga tarin, gaskiya ne. To me ya sa goron yake nan kan taga har ya bushe?

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan masallaci

Kula ta zo. Har da ganda, ta san ina so.

Laraba, 21 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Daga Argungu nake. Injin ya iso shekaranjiya. Alhaji ya ce in je in taya su kafawa, "tunda mutuminka na". A bakin ƙofa ya ƙara da cewa in buɗe ido, in ƙirga komai. Wato in je da spana a hannu ɗaya, awo a ɗaya hannun.

Inji ne na gaske, dogo, fenti kore, har mutanen unguwa suna zuwa kallo. Abin da ya tayar min da hankali wurin da za a dasa shi. Fili ya ƙure wa Baba, sai bayan injinsa ta wajen fadama, inda ƙasa ta gangara. Ni ɗan Haɗeja ne, a cikin ambaliya aka raine ni, ba sai an nuna min ba. Akwai tsohuwar katanga a wurin, da layin da ruwan wata shekara ya bari, daidai ƙirjina.

Na ja shi gefe na nuna masa. Na ce a cike wurin da jar ƙasa tukuna, a ɗaga dandamali.

Ya ce: "Kwana nawa?"

Na ce: "In an samu tipa, mako shida."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Mako shidda! Kai Bahaɗeje, maigidanka ya aiko ka ka kwantar da ni? Cikin mako shidda Maigandi ya kwashe 'yan Anacha kaf, ni in zauna ina gadin jar ƙasa. Ai kai ka san abin da ka gudana cikin rumfarku."

Na san abin da ke gudana a cikin rumfarmu. Tayoyi huɗu ne a ciki da tsohon sikeli, da awakin Hajiya guda biyu da ake ɗaurewa saboda ruwa.

Amsar tana bakina. Kalma biyar ce: Baba, ba komai a ciki. Da na faɗa da ya jira, da ya cike wurin a tsanake, don ba wanda yake tsere da shi. Sai na sunkuya na ɗauki spana.

A rumbun da ke jikin injin ya riga ya jibge shanshera buhu ɗari tara da arba'in, ta noman rani, don kada injin ya rasa abin ci. Rumbun ma a gangaren yake.

Juma'a, 23 ga Agusta, da rana

Kula ta zo. Na ba Hodi. Ya ce: "Lahiya? Kai da ka lashe ta har gindi?" Na ce ciki ne.

Litinin, 26 ga Agusta, bayan magariba

An gwada injin yau, ana tsuga ruwa a waje. Awa tara, shanshera ta fito a bushe tana ƙara a hannu. Muka casa buhu biyu. Ƙwaya doguwa, fara, karyayyar ba ta kai cikin cokali a mudu ba. Iya ta ɗebo a tafi biyu tana rawa tana waƙa da Yarbanci, Baba ya cire hula ya jefa sama ta faɗa cikin kwata.

Na yi murna, wallahi na yi. Ina murna ina ƙirga jarkokin dizal. Goma sha ɗaya.

Na dawo na tarar da Alhaji a kan tabarma yana jira. Na zayyana masa komai: ƙwaya ba ta karyewa, dizal ya yi yawa, fanka ɗaya ta yi kaɗan, wurin kafawa yana son tudu. Ya saurara ido a rufe. Sannan ya ɗaga waya ya kira mutuminsa na Kano, ya ce a nemo masa irin wanda ke cin ɓuntu maimakon dizal, mai fanka biyu.

Ya ajiye waya ya dube ni. "Ka gani? Ga shi ma mun tara ɓuntun."

Ya yi dariya, ni ma na taya shi. Shekara biyu yana neman amsoshin nan, na kawo masa su a aljihu cikin yini ɗaya, da man miyar Iya a hannun rigata.

Alhamis, 29 ga Agusta, da hantsi

Ruwa. Na tayar da janareta. Ba wanda ya ce in daina.

Asabar, 31 ga Agusta, bayan azahar

Masu kamun kifi sun ce gulbi ya hau taku biyu cikin kwana uku, kuma ana maganar za a saki ruwa daga madatsar da ke sama.

Na samu Alhaji na ce ina neman izini in gaya wa Baba gaskiya, tunda abin da ake so an samu.

Ya ce: "Wace gaskiya? Mi niy yi mai? Na sayi ɓuntu da kuɗina na zuba bayan katangata. Na ce mai shi sayi inji? Kai ka ce mai?"

Na ce ban ce ba.

"To mi ad damuwarka? Bara waccan wa yas sa anka baza labari kasuwar Argungu cewa injinai na kan teku? Saura kaɗan in saida gonar Ambursa in bi shi. Ka manta?"

Ban manta ba. Gaskiya ne, Baba ya yi haka, kuma ya yi ta dariya da ya ba ni labarin. Ba waliyyi ba ne. Alhaji kuma ba azzalumi ba ne: shekara uku bai taɓa jinkirta min albashi ba, da mahaifiyata ta kwanta asibiti bai bari na roƙa ba. Haka sana'ar take, kowa na leƙen ɗan'uwansa, kowa na rufe tagarsa. Bambanci ɗaya ne. Baba bai sa wanda Alhaji ya yarda da shi ya tsaya a bakin titi ya gyaɗa masa kai ba.

Ya ce in haƙura zuwa ƙarshen Satumba namu ya iso, sannan in faɗi abin da na ga dama. In 'yan Anacha suka ji yanzu cewa rumfar nan wayam take, shi ne zai zama abin dariya daga nan har Sakkwato.

Na ce to. Kullum to.

Lahadi, 1 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Na je Argungu ba da aiken kowa ba. Na shirya maganar tun daga tasha, na maimaita ta har Ambursa.

Na tarar sun dawo daga coci. Iya na tuya, ta ce in zauna kusa da ita. Cikin hira take gaya min sun sayar da gidan da suka gina a Ogbomoso, wanda suka yi shekara goma sha ɗaya suna ɗora masa bulo don tsufa. Da shi aka sayi injin da shansherar. Ta ce: "Na yi kuka kwana biyu. Amma Baba ya ce in mun tsaya Maigandi zai cinye mu da rai. Ya ce ƙanensa ba zai bari ya faɗa rami ba." Ta juya ƙosai. "Kai ke nan."

Ban san da maganar gidan ba. Da na sani a watan Yuli... A'a. Kada in yi wa littafi ƙarya shi ma.

Na zagaya baya. Ruwa ya shafe gonakin ƙasa, yana ƙyalli tsakanin itatuwa. Na ce wa Baba ko ba komai a kwashe shansherar zuwa tudu. Ya ce tirelar Anacha za ta zo ran goma ga wata, in ya tsayar da inji ya shiga jigila ba zai cika ta ba, "su kuwa ba su jira, wurin maigidanka za su, tunda nashi na aiki".

Karo na biyu ke nan da ya miƙo min ƙofar a buɗe. Na ce Allah ya tsare. Ya ce amin.

Talata, 3 ga Satumba, da asuba

Na rubuta saƙon a waya. Na goge.

Laraba, 4 ga Satumba, da asuba

Na rubuta. Zakiyya ta kira tana cewa kwanon ɗakinmu na yoyo, yaushe zan turo a gyara. Na goge.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan la'asar

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Ina sallame sallar asuba Iya ta kira. Ba ta yi sallama ba, ta ce: "Ruwa ya shigo." Na ruga gidan Alhaji. Zan faɗi gaskiyarsa: ban gama magana ba ya ce in ɗauki tipa da manyan motoci biyu da duk wanda na samu, mai a kansa.

Muka isa ruwa ya kai gwiwa a rumbun, kafin azahar ya kai ƙugu. Ja ne, da sanyi, yana tafe da kara da matattun kaji. 'Yan dako da maƙwabta da mutanen cocinsu da na masallacin unguwa muka yi layi, buhu na bin kawuna. Na saman tari a bushe suke. Na tsakiya sun sha ruwa, mutum biyu ba sa ɗaga ɗaya. Na ƙasa ba a ma ganinsu. Ni da Hodi muka kwance motar da ke juya injin da allon wutarsa muka fito da su a kan ƙyauren ƙofa. Sauran injin yana nan tsaye cikin ruwa, kore, layin tsohuwar katanga ya nutse.

Jiƙaƙƙiyar shanshera kwana biyu take ba ka, na uku ta yi zafi a buhu ta tsiro. Kowa a wurin ya san haka. Ga sama a haɗe, ba alamar rana.

Baba ya zo ya dafa kafaɗata, rigarsa a manne da jiki, yana haki. Ya ce: "Ƙanena, Allah ya sa Maigandi ya riga ni. Mu kai ta injinku. Ko nawa yac ce in biya shi, ko rabin shinkafar yaka so shi ɗauka. Kira mani shi."

Hodi ya dube ni, ya juya ya hau tipa.

Ban kira ba. Na bari aka ɗaure tamfol. Na shiga gaban babbar mota, Baba a gefena, muka kama hanyar Birnin Kebbi. Yana ta lissafi da baki: in injinmu na cin buhu sittin a zubi, zubi biyu a yini, kwana uku an gama. Yana tambayata ko namu ma na shan dizal kamar nasa. Har ya ce zai roƙi Alhaji gafarar maganganun da ya sha yi a kansa.

A Ambursa na ce wa direba ya tsaya. Muka sauka gefen masu babura, ana yayyafi.

Na ce: "Baba, ba komai a cikin rumfar."

Ya ce: "Ya lalace?"

Na ce: "Ba a taɓa sayowa ba. Ɓuntun daga Jega Hodi ke kawo shi. Janareta ni nake tayarwa. Dabarar ma daga bakina ta fito."

Na zaci zai mare ni, na so ma ya mara. Ya tsaya yana kallon motocin uku, ruwa na ɗiga daga ƙarƙashinsu. Wani ɗan acaɓa ya matso yana tambaya ko za mu shiga gari. Baba ya ce masa a'a, ya gode.

Sannan ya ce: "Rumfar na da daɓen siminti?"

Na ce tana da shi.

"To mu tahi, Malam Mujtaba. Shinkafa ba ta jira."

Shekara shida bai taɓa kirana da sunana ba.

Asabar, 7 ga Satumba, da hantsi

Alhaji da kansa ya buɗe kwaɗon. Aka kora awaki, aka mirgina tayoyi waje. Baba ya shiga ya ɗaga kai yana kallon bututun hayaƙin da bai haɗu da komai ba. Su biyun suka gaisa kamar a wurin ta'aziyya.

Alhaji ya ce: "Oladipo, ban nufe ka da ruwa ba."

Baba ya ce: "Na sani. Da ni na tuna dabarar da na yi maka ita."

Ya zagaya baya wurin tarin, na bi shi daga nesa. Ya tura hannu ya damƙo ɓuntu, ya murza, ya shinshina. Ya ce, ba da ni yake ba: "Ja na. Na ƙananan inji, ga dusa cikinai. Wanga bai taɓa bi ta injin Maigandi ba." Ya karkaɗe hannu. "Da na sauko daga mota rannan da na gane. Ruwa niƙ ƙi, kuma ga ƙanena tsaye."

Mun baza ta a daɓen rumfar da rumbunmu da barandar ofis, kaurin yatsa uku. Na kwance fankokin injin casa na jera, na tayar da janareta. Karon farko ke nan da ya yi ƙara a kan wani abu. Muna juyawa da ƙafa da manjagara, ba tsayawa. Wurin bai isa ba. Wadda ta rage a buhu ta fara ɗumi, in ka sa hannu kamar jikin mai zazzaɓi.

Baba na aiki a gefena. In yana son shebur sai ya ce wa Hodi ya ce min.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan azahar

Rana ta fito yau, da ba a bukatarta sosai. Buhunan baya sun tsiro, fararen saiwoyi sun huda algarara.

Talata, 10 ga Satumba, da yamma

Tirelar Anacha ta zo Argungu ta juya wayam. Dillalin ya kira Alhaji yana tambayar yaushe za a samu kaya a wurinmu. Alhaji ya ce ƙarshen wata. Wannan karon gaskiya ya faɗa.

Ya ce min in injin ya iso ni zan riƙe shi, da ƙarin albashi. Ban ce to ba. Ban ce a'a ba. Kwanon ɗakin Zakiyya na yoyo.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan masallaci

Baba ya kwashe kayansa jiya. Ruwa ya fara ja. Makanikin Legas ya ce jikin injin zai tashi in an wanke, amma sai an cike wurin an sake dasa shi. Mako shida. Kafin nan namu ya fara aiki. Na ce zan zo in taya shi haɗawa ranakun Lahadi, ba da aiken kowa ba. Ya ce zai duba. Na tsaya a tasha yau har motar Argungu ta uku ta sauke fasinja, ba kula, sannan na dawo.

Abin da na iya tsamowa, daga buhu ɗari tara da arba'in:

Busasshiya da ruwa bai taɓa ba, buhu ɗari biyu da goma sha biyu.

Jiƙaƙƙiya da muka shanya ta tsira, buhu ɗari da saba'in da ɗaya. Ta yi duhu, sai dai kasuwar ƙauye.

Wadda ta tsiro, buhu casa'in, masu kaji sun ɗauka.

Sauran na cikin gulbi.

Motar inji ɗaya. Allon wuta ɗaya. Bel uku. Sikelin Baba.

Kular Iya guda ɗaya, ta mako biyu da suka wuce. Na wanke ta, tana kan taga kusa da goron. Ba a aiko karɓa ba.